Dubai, Abu Dhabi ko Faris: Ina Ya Fi Dacewa a Kai Mai Keken Guragu Ya Ga Jarumansa?

Duk gidan da ke da yara ya san Spider-Man da Batman, ko da manyan gidan ba su taɓa zama sun kalle su ba. Suna jikin jakar makaranta, suna jikin rigunan da ake sayarwa a babbar kasuwar Gombe da kasuwar Wunti ta Bauchi, suna cikin wayar uwa da yaro ya karɓe tun safe. Yaron da ke kan keken guragu ma haka yake son su, sau da yawa har ya fi 'yan'uwansa, domin shi ne ke daɗewa a gaban talabijin lokacin da suka fita ƙwallo. Shi ya sa idan Allah ya hore wa iyali tafiya Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, don sari ne, ko ganin likita, ko hutu, ba a nisa da shiri sai maganar ta taso: a kai shi inda zai ga jaruman nan ido da ido.

Wurare biyu ne a gaban mai wannan niyya. Akwai IMG Worlds of Adventure a Dubai, wanda aka buɗe a watan Agustan 2016, mai ɓangare guda na jaruman kamfanin Marvel, su Spider-Man, Hulk da Thor. Akwai kuma Warner Bros. World a tsibirin Yas na Abu Dhabi, wanda aka buɗe a watan Yulin 2018, inda Batman, Superman da sauran jaruman kamfanin DC suke. Na ukun, Disneyland ta Faris, yana nesa, a Faransa, kuma zan zo kansa, domin yana da wani abu da biyun nan ba su da shi. Tafiyar ba ta ƙaramin kuɗi ba ce. Dirhami, kuɗin Daular, a ɗaure yake da dala, kusan dirhami 3.67 a kan dala ɗaya, saboda haka duk motsin da dala ta yi a kasuwar canji, tikitin shiga ya motsa. Yawancin iyalai sau ɗaya za su yi irin wannan fita a rayuwar yaron, kuma abin da ke damuna ke nan: kada a kashe wannan dukiya, yaro ya wuni yana riƙe wa 'yan'uwansa jaka a bakin ƙofa yana kallon suna shiga suna fitowa.

Iyaye kan fara da tambayar wane jarumi yaron ya fi so. Tambaya ce mai kyau, amma ta biyu ce. Ta farko ita ce: zai iya barin kekensa ya koma wata kujera, ya zauna daram a cikinta tana jijjiga shi, sannan ya dawo? Shiga ginin ba matsala ba ce ko kaɗan. Duka biyun a rufe suke ruf, da na'urar sanyaya wuri, daɓensu sumul, hanyoyinsu masu faɗi, kowannensu ya kai girman filin ƙwallo irin na Pantami da ke Gombe wajen 20 a haɗe. Ƙasar ma tana da dokar kare haƙƙin masu buƙata ta musamman tun 2006, kuma mai keke zai ga bambanci tun daga filin jirgi. Inda gizo ke saƙar shi ne ɗan takin nan da ke tsakanin kujerar keke da kujerar lilo. Mafi yawan abubuwan hawa a irin waɗannan wurare ba sa ɗaukar keke. Sai an sauka an koma kujerarsu. Kuma ƙa'ida ce da ta zama ruwan dare a manyan wuraren wasa na duniya cewa ma'aikaci ba ya ɗaga baƙo. Zai nuna hanya, zai tsayar da motar, zai ajiye keken, amma ɗagawa aikin wanda ya rako shi ne.

A fara duba jikin tun daga gida

Mukan tara kowa a ƙarƙashin kalma ɗaya, mu ce mai lalurar ƙafa, alhali jikkunan sun sha bamban. Wanda shan inna ta taɓa, sau da yawa ƙafafu ne suka shanye, amma yana jin taɓi, kafaɗunsa da hannayensa kuma sun yi ƙarfi saboda shekarun tuƙa keke da hannu. Yawancin irinsu yanzu matasa ne da manya, tunda rabon da a samu cutar ta asali a Najeriya tun 2016 a Borno, har aka ayyana Afirka ta rabu da ita a watan Agustan 2020. Irin wannan matashi yakan cilla kansa daga keke zuwa kujerar mota kafin ka miƙa hannu. Wanda ya samu rauni a laka, a hatsarin mota ko faɗowa daga bishiya, lamarinsa daban ne: ƙila ba ya jin komai daga ƙugu zuwa ƙasa, don haka ƙarfe zai iya danne masa cinya ko ya goge masa fata bai sani ba, kuma idan raunin yana sama, gangar jikinsa ba ta riƙe kanta. Yaron da aka haifa da lalurar ƙwaƙwalwa mai sandarar da gaɓoɓi shi kuma ƙara mai ƙarfi ko firgita takan sa jikinsa ya ƙage, wuyansa ma wani lokaci sai da tallafi. Mai ƙafar roba yana da tasa matsalar, domin abubuwan hawa masu juya mutum sama da ƙasa, ko masu barin ƙafa tana reto, sukan kafa sharaɗi a kan gaɓar roba.

Akwai gwajin da nake ba kowa shawara ya yi a tsakar gida, wata guda kafin tafiya. A ajiye keken kusa da kujerar baya ta ƙaramar mota, a danne birki, a ɗaga matakin ƙafa. A bar shi ya sa hannu ɗaya a kujerar motar, ɗaya a hannun keke, ya tura kansa, wanda zai rako shi ya riƙe shi ta ƙugu, ba ta hammata ba, sannan a ɗauko ƙafafun ɗaya bayan ɗaya a shigar. A duba agogo. A sake, a wannan karon kujerar ta fi keken ƙasa, domin motocin lilo da yawa sai an sauka cikinsu ake zama, fitowa kuma ta fi shiga wuya. Bayan haka a zaunar da shi a kan benci marar jingina, a ɗan tura kafaɗarsa hagu da dama. Idan ya riƙe kansa, ya kuma iya damƙe ƙarfe da hannu biyu, ƙofofi da yawa a buɗe suke gare shi. Idan ya karkata sai an tare shi, to, a san cewa abubuwa masu laushi za a nema. A kuma auna tsawonsa a kwance da tef ɗin tela, a rubuta, domin a can a tsaye ake auna yara jikin sanda kafin a bar su su hau. Sannan a kai duk wannan gaban likitansa ko mai yi masa gashi, musamman idan an taɓa sa masa ƙarfe a baya ko a ƙugu. Maganar likita ita ce ta ƙarshe a kan duk abin da ke fizgar jiki.

IMG: na masu ƙarfin kafaɗa

Ɓangaren Marvel na IMG yana da abubuwan hawa guda 5, kuma idan aka bi su ɗaya bayan ɗaya za a ga inda ya karkata. Thor Thunder Spin dogon benci ne da hannayen ƙarfe biyu ke ɗagawa sama suna wuntsila shi, kai a ƙasa ƙafa a sama. Wannan ba na wanda gangar jikinsa ba ta riƙe kanta ba ne, ko kusa. Spider-Man Doc Ock's Revenge jirgi ne mai gudu a kan dogo, yana hawa yana gangarawa, motar kuma tana juyawa a kan kanta cikin duhu. Ba ya kifar da mutum, amma yana fizgar jiki gefe da gefe ba tare da sanarwa ba. Avengers Flight of the Quinjets ƙananan jirage ne da ke kewaya ginshiƙi suna ɗagawa sama, ya fi sauran sauƙi, sai dai dole a haura cikin jirgin. Ragowar biyun su ne suka fi kusa da abin da yaro ke mafarki: Avengers Battle of Ultron, mota ce da ke ratsa ɗakuna tana girgiza a gaban manyan allunan majigi, ana sanye da tabarau mai sa hoto ya fito kamar za a taɓa shi, da kuma Hulk Epsilon Base 3D, inda ake zama a kujeru masu motsi a ƙarƙashin rufin ƙubba hoto ya kewaye mutum ta ko'ina.

Ka ga ke nan babu ko ɗaya a cikin biyar ɗin da ba ya motsa jiki, biyu kuma masu tsanani ne. Ga matashin da shan inna ta taɓa, mai faffaɗar kafaɗa, wanda ya kwana yana maganar Hulk, wannan wuri zai ƙayatar da shi, har ma ya nemi a kai shi ɓangaren dabbobin zamanin da, inda jirgin Velociraptor ke kai gudun kilomita 100 a sa'a cikin 'yan daƙiƙoƙi. Ga yaron da sai an tallafe shi kuwa, lissafin yana raguwa zuwa biyu, ko ɗaya, ko ma babu, gwargwadon hukuncin likita da na ma'aikatan wurin. Abin da ya rage masa shi ne yawo a titunan da aka ƙawata, ɗaukar hoto da masu shigar jaruman, shagunan kayan wasa, da ɓangaren Cartoon Network na ƙananan yara. Ba ƙaramin abu ba ne a wajen yaro ya ga Spider-Man ya durƙusa daidai tsawon kekensa ya miƙa masa hannu, ban raina wannan ba. Amma ban ga ya isa dalilin sayen tikitin wuni guda ba idan akwai wani zaɓi.

Inda IMG ya yi zarra shi ne kusanci. Yana kan babban titin Sheikh Mohammed bin Zayed, kimanin rabin sa'a a mota daga Deira, unguwar da 'yan kasuwarmu suka fi sauka. Jirgin ƙasan cikin garin Dubai, wanda ya fara aiki a 2009, yana da lifta a tashoshinsa kuma keke na shiga ba wahala, amma bai kai ƙofar IMG ba. Tasi za a nema, kuma akwai tasi na musamman masu ɗaukar mutum a kan kekensa, waɗanda ake kira a tanada tun da wuri. Wanda aka zo da shi asibiti a Dubai, yana da wuni ɗaya tak tsakanin ganin likita da ganin likita, kuma zaman mota mai tsawo na gajiyar da shi, wannan kusancin ba abin wasa ba ne.

Warner Bros. World: ya fi faɗin zaɓi

Wannan an kashe masa kusan dala biliyan 1, yana da yankuna 6 da abubuwan nishaɗi 29, kuma biyu daga yankunan na jarumai ne: Metropolis, garin Superman, da Gotham, garin Batman. Abin da ya sa nake fifita shi ga yawancin masu keke shi ne yadda aka raba ƙarfin abubuwan. A Metropolis akwai Superman 360, zagayayyen ɗaki ne da majigi ya kewaye bangonsa, jama'a na tsakiya a tsaye, babu motar da za a hau. Ga wanda ba ya iya barin kekensa, wannan shi ne irin abin da ake nema: yana tsakiyar faɗan tare da kowa, a lokaci ɗaya da kowa. Abin lura kawai, tunda sauran a tsaye suke, a roƙi ma'aikaci ya ba shi wurin da bayan mutane ba zai tare masa gani ba. Sai Justice League Warworld Attacks, mota ce marar dogo da ke yawo a ƙasa tsakanin allunan majigi. Tana juyi tana girgiza, amma ba ta hawa sama ta faɗo. Green Lantern Galactic Odyssey kuwa jerin kujeru ne da ake turawa gaban wani ƙaton allo, ƙafafu na reto a iska kamar ana shawagi. Motsinsa a hankali yake, amma reton ƙafar abin tambaya ne ga mai ƙafar roba da wanda ba ya jin ƙafafunsa.

Gotham ta fi zafi. Batman Knight Flight kujeru ne a bakin wani ƙaton hannun inji da ke ɗaga mutum ya karkata shi gaba da baya cikin duhu, kuma yana buƙatar wuya da baya masu riƙe kansu. Riddler Revolution faifai ne mai juyawa yana kai da komo a kan lanƙwasasshen dogo, Scarecrow Scare Raid ma na masu ƙarfin hali ne. Gidan Joker da ƙafa ake ratsa shi, an kuma cika shi da abubuwan da aka yi musamman don su rikita mai tafiya, saboda haka kada a ɗauka duk abin da ba lilo ba ne ya dace da keke. Garin Gotham kansa duhu ne da shi, da ƙarar da ke fitowa ba zato, abin da iyayen yaro mai saurin firgita ya kamata su sani kafin su tura shi ciki.

To amma ko an cire Gotham gaba ɗaya, wunin bai lalace ba, kuma a nan bambancin yake. Yankin Cartoon Junction yana da motoci marasa dogo masu tafiya sannu, irin na Scooby-Doo, da kuma Ani-Mayhem, inda ake ba kowa na'ura a hannu yana haska abubuwa yana tara maki. Ba jarumai ba ne a cikinsa, su Bugs Bunny ne, amma shi ne wurin da yaro zai yi gasa da yayansa hannu da hannu, ƙafa ba ta da amfani ga kowa, har ya iya cinye shi. Duk wanda ya taɓa zama da yaron da kullum shi ake jira, shi ake ɗauka, shi ake ce wa "bari mu je mu dawo", ya san darajar wannan minti biyar ɗin.

Aibinsa nisa ne ga wanda ya sauka a Dubai. Daga Deira zuwa Yas ya haura kilomita 100, tafiyar sa'a ɗaya da wani abu, a dawo kuma da dare a gajiye. Ga mai raunin laka, a haɗa wannan da wuni guda a kan keke, an ba gyambon zama ƙofa. Maganinsa a kwana a tsibirin. Akwai otal na Warner Bros. ɗin kansa daf da wurin, an buɗe shi a 2021, da wasu otal-otal da babban kantin Yas Mall a kusa, filin jirgin Abu Dhabi ma 'yan mintuna ne daga nan. Kwana a kusa yana ba da abin da kuɗi ba sa saya a cikin wurin wasan: a fito da azahar, a kwantar da shi ya huta bayansa, a duba fatarsa, a canza abin da ke buƙatar canji cikin sirri, a koma da la'asar, idan an tabbatar tun a ƙofa cewa tikitin ya yarda da fita da dawowa. Idan aljihu ba zai ɗauki kwana a Yas ba, kuma jikin ba ya jure zama, to wannan fifikon da na ba shi ya ragu sosai.

A sauran abubuwa kusan kunnen doki suke. Duka biyun akwai wurin salla, abinci ba abin fargaba ba ne ga Musulmi, kuma rufin ya raba mutum da zafin ƙasar, wanda ke haura digiri 40 a watannin Yuli da Agusta, daidai lokacin dogon hutun makarantunmu. Sai dai sanyin ciki ma abin shiri ne. Mai raunin laka jikinsa ba ya daidaita zafi da sanyi yadda ya kamata, ƙafar da shan inna ta taɓa kuma saurin yin sanyi gare ta. A tafi da rigar sanyi da safa da ɗan bargon rufe cinya, ko da a waje rana na ƙuna.

Faris: inda hannu ne ke aiki

Idan abin da ake nema shi ne yaro ya zama jarumin da kansa, ba ɗan kallo ba, to gaskiya sai Disneyland ta Faris, mai tazarar kilomita 32 gabas da birnin. A watan Yulin 2022 aka buɗe ɓangaren Avengers Campus a can, kuma a cikinsa akwai Spider-Man W.E.B. Adventure. Ana zama a mota, na'urori na bin motsin hannun mutum, duk inda ya wurga hannu sai zaren gizo ya fita a kan allo ya kama abin da ya nufa, maki na taruwa. Ba a riƙe komai, ba a sharaɗin tsawo, kuma akwai motar da aka tanada wadda keke ke shiga kai tsaye ba sai an sauka ba. Ban san wani abu na jarumai da ya fi wannan dacewa da matashin da ya ƙare rayuwarsa yana tuƙa keke da hannu ba. Amma a lura, aikin hannu ne tuƙuru na 'yan mintuna. Wanda lalurarsa ta taɓa hannaye, ko ɓarin jikinsa ya shanye, zai ji daɗin kallon, makin ne ba zai taru ba. Ɗayan abin hawan ɓangaren, Flight Force, jirgi ne mai kifar da mutum, na masu cikakken ƙarfin gangar jiki.

Disneyland tana ba masu lalura katin da ke rage musu tsayuwa a layi, bisa shaidar da hukuma ta bayar. Sauran lissafin ne ke da nauyi: bizar Turai, tsadar masauki, wuri ne a fili da ruwan sama da sanyin hunturu ke samu, abincin halal sai an nema, tsohon jirgin ƙarƙashin ƙasa na Faris kuma yawancin tashoshinsa matakala ce, in ban da layi na 14. Ina ganin wannan zaɓi ne na wanda dama yana da dalilin zuwa Turai, karatu ko aiki ko dangi. Ban ba iyali shawarar su tashi daga Gombe ko Bauchi takanas saboda lilo ɗaya ba.

Ga yadda nake yanke hukunci idan aka tambaye ni. Wanda ba ya iya barin keke, ko sai an tallafe shi a zaune, ko ƙaramin yaro ne, a kai shi Abu Dhabi, a kuma yi ƙoƙarin kwana a Yas. Matashi mai ƙarfin hannu da baya, wanda ke sauya kujera da kansa, zai more kowanne, a nan ne son ransa zai yi hukunci, kuma idan Marvel yake so ga IMG kusa da masauki. Wanda ya zo jinya yana da 'yan sa'o'i kawai, IMG, da sanin cewa rabin abin kallo ne da hoto.

Kuma a zauna da shi a gaya masa gaskiya tun a gida. Na ji wani yaro yana ce wa ƙanin mahaifinsa, "Bappa, ni dai ko ban hau komai ba, in ga Batman." Bappan ya ce, "A'a, ɗana, za ka hau. Zo mu duba waɗanda za ka hau da waɗanda za mu bari." Suka buɗe waya suka bi hotunan ɗaya bayan ɗaya. Haka ya kamata. Yaron da ya san tun daga Gombe cewa abu kaza ba nasa ba ne, ba zai yi kuka a bakin layi a gaban baƙi ba. Idan kuma babba ne, shi za a tambaya kai tsaye, ba a riƙa magana a kansa yana zaune ba.

Keken da za a tafi da shi

Keken nan mai ƙafa uku da masu walda ke ƙerawa, wanda ake tuƙawa da hannu, shi ne gatan mutane da yawa a titunanmu masu yashi da ramuka, amma ba na wannan tafiya ba ne. Ya yi tsawo ga lanƙwasar layi da lifta da ƙofar banɗaki, ba ya naɗewa, ba ya matsawa daf da kujerar da za a koma. A nemi mai naɗewa wanda hannunsa da matakin ƙafarsa ke cirewa, a kuma fara amfani da shi makonni kafin tafiya don jiki ya saba. Matashin da yake zama a kai a cikin keken kada ya shiga cikin kaya. A riƙe shi a hannu, a zauna a kansa a jirgi. Wanda ke tafiya da sanda a gida ma ya yi tunanin keke na wannan wunin, domin kewaya wuri mai wannan girma a kan sanda zai cinye ƙarfinsa kafin azahar.

Tafiyar kanta hawa-hawa ce: daga filin jirgin Lawanti na Gombe ko na Bauchi zuwa Abuja, ko a mota zuwa Kano, sannan a bi ta Addis Ababa, Alƙahira ko Doha, ko a gangara Legas, inda kamfanin jirgin Emirates ya dawo da jigila a watan Oktoban 2024. Kowane sauyin jirgi sauyin kujera ne, don haka hanya mafi ƙarancin tsayawa ta fi mafi arha. A sanar da kamfanin jirgi aƙalla sa'o'i 48 kafin tashi, a kuma tabbatar an rubuta alamar da ta dace a tikiti: WCHR na wanda ke iya hawa matakala amma doguwar tafiya ke ba shi wuya, WCHS na wanda ba ya hawa matakala, WCHC na wanda sai an kai shi har kujerarsa. Ejan da yawa na farkon suke sa wa kowa, sai an iso gindin jirgi a ga babu abin ɗaga mutum. Idan keken mai batir ne, a faɗi irin batirin tun wuri, domin na lithium da ake cirewa yana da iyakar ƙarfi, 300Wh a ma'aunin batir, kuma cikin jirgi ake shiga da shi.

Takardu biyu za a riƙe: wasiƙar likita da Turanci mai bayyana lalurar da abin da aka yarda ya yi, da shaidar nakasa ta hukuma, wadda dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019 ta tanada. Kafin a biya kuɗin tikiti, a rubuta wa wurin wasan ta imel, a bayyana jikin yadda yake: shekarunsa, tsawonsa, ko yana sauya kujera da kansa, ko yana iya taka 'yan matakala idan lilo ya tsaya a tsakiya aka ce kowa ya sauka. A nemi su lissafo abin da zai hau, su faɗi ko akwai rangwame gare shi da mai rakiyarsa, da irin takardar da suke karɓa daga baƙo. A buga amsar a takarda a kai teburin kula da baƙi da ke bakin shiga. Mai rakiya ya zama wanda zai iya ɗaga shi sau goma a wuni ba tare da bayansa ya ƙage ba, kuma jinsinsu ɗaya idan ya girma, saboda banɗaki. Tun 2022 hutun ƙarshen mako a Dubai da Abu Dhabi ya koma Asabar da Lahadi, da rabin ranar Juma'a, saboda haka a sa ranar zuwa tsakanin Litinin da Alhamis, a isa ana buɗe ƙofa, lokacin da ma'aikaci ke da sararin tsayar da mota ya jira a zauna da kyau.